Tarihin Ƙananan Babura A Ƙasar Dutse

Garin Dutse yana gabas da birnin Kano, ya ɗan karkata kudu, a gindin waɗansu duwatsu waɗanda daga gare su ya sami sunansa. Tsohon garin, wanda ake kira Garu, yana bisa tudu a tsakanin duwatsun nan. Amma in mutum ya bar su ya nufi Kiyawa, ko Jahun, ko Miga, ba zai daɗe yana taka tsandauri ba sai ya faɗa rairayi. Irin ƙasar nan mai tudun yashi ita ake kira jigawa, ita ce kuwa ta ba Jihar sunanta. Da rani ƙafa nutsewa take yi, da damina kuwa fadamu su cika, koguna su kawo, har waɗansu ƙauyuka su yi kwanaki ba mai shiga ba mai fita. Wanda duk yake so ya gane abin da ya sa mutanen ƙasar suka ɗauki wani irin babur suka yar da wani, sai ya fara duban ƙasar nan tukuna, gama ita ce alƙalin da ya yi ta raba gardamar.

A zamanin Turawa Dutse gunduma ce a ƙarƙashin En'e ta Kano, haka Birnin Kudu, da Gwaram, da Jahun, da Ringim. Hanyar jirgin ƙasa wadda ta tashi daga Kano ta isa Nguru a 1930 ta bi ta Ringim, da Gagarawa, da Malam Madori, ta bar Dutse can kudu. Saboda haka gyaɗar ƙasar da hatsinta bisa jaki da takarkari suke fita, sai fa inda babbar mota ta iya kaiwa da rani. Abin hawa na ƙarfe da ya fara shiga hannun talakawa keke ne, galibi kuwa Raleigh na Ingila. Keke ya yi amfani ƙwarai, amma duk mai keke ya san cewa in ya zo rairayi dole ya sauka ya tura, watau keken ne ya koma yana hawansa. Baburan da akan gani jefi-jefi a lokacin manya ne ƙirar Ingila, masu nauyi, masu tsada, ba na manomi ba ne ko ƙaramin ma'aikaci.

Ƙananan babura an haife su ne a cikin talaucin da ya biyo bayan Yaƙin Hitila. Ƙasashe uku waɗanda yaƙin ya ragargaza, watau Italiya, da Faransa, da Japan, duk suka sami kansu da tambaya ɗaya, ta yaya mutumin da ba ya iya sayen mota zai isa wurin aikinsa? Kowacce ta ba da amsarta dabam, amsoshin nan uku kuwa duk sun iso ƙasar Hausa, an gwada su.

A Italiya kamfanin Piaggio ne, wanda a lokacin yaƙi jiragen sama yake ƙerawa, har aka jefa wa masana'antarsa bom. Aka ba wani gwanin ƙirar jirgin sama, Corradino D'Ascanio, aikin, shi kuwa mutum ne da ba ya ƙaunar babur, don ya ce yana ɓata tufafi, kuma faci a hanya wahala ne. Saboda haka ya ƙera abin da ya ga zai raba mutum da waɗannan. A 1946 aka fito da shi, aka sa masa suna Vespa, watau zanzaro da Italiyanci, saboda siririn ƙugunsa da ƙararsa. Mutum zama yake yi a kansa kamar a kujera, ƙafafu a haɗe, ga garkuwar ƙarfe a gaba tana tare taɓo. Injin yana ɓoye a gefen dama, manne da ƙafar baya, babu sarƙa. Ƙafafunsa ƙanana ne, inci 8 da fari, daga baya 10, kuma ana iya ɗaura masa taya ta uku don ɓacin rana.

Faransawa kuwa ba su yi nisa da keke ba. Mobylette, wanda kamfanin Motobécane ya fara yi a 1949, keke ne aka ƙarfafa aka sa masa ɗan inji. Da feda ake ta da shi, in ya zo hawa mutum ya taimake shi da ƙafa, in mai ya ƙare a daji a tuƙa shi zuwa gida. Ba shi da nauyi, mutum biyu sa ɗaga shi su sa a kwalekwale. Ya fi yawa a ƙasashen da Faransa ta mallaka, kamar Nijar, amma a Nijeriya ma an hau shi. Laifinsa ɗaya ne, ba shi da ƙarfi. In aka ɗora masa mutum biyu, ko buhu, sai ya yi ta kuka ba ya gaba.

Amsar Japan ita ce ta fi daɗewa. Soichiro Honda ya fara ne a 1946 da ɗaura wa kekuna ƙananan injunan da soja suka bari, ya kafa kamfaninsa a 1948. Abokin aikinsa, Takeo Fujisawa, ya ce masa yana son babur wanda yaron gidan abinci zai iya tuƙawa da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana riƙe da tiren taliya. A 1958 suka fito da Super Cub. Cikin injinsa si-si 49 ne, watau abin da bai fi cokali uku na cin abinci da ɗan ɗori ba. Ba shi da kuloci na hannu, da mutum ya taka giya sai kulocin ya yi aikinsa da kansa. Tsakiyarsa a buɗe take kamar keken mata, garkuwar gabansa ta roba ce, an rufe sarƙarsa cikin kwanso. Abin da ya raba shi da Vespa shi ne ƙafafu, gama nasa manya ne, inci 17, don a lokacin hanyoyin Japan da yawa ba kwalta. A 2017 kamfanin ya ba da sanarwa ya ƙera miliyan 100 na irinsa. Babu wani abin hawa mai inji da aka taɓa ƙerawa da yawa haka.

Babura ba su yawaita a ƙasar Dutse ba sai da kuɗi suka shigo hannun ma'aikata. An canja kuɗi daga fam zuwa naira a 1973, a shekarar kuma farashin man fetur ya tashi a duniya, gwamnati ta sami abin hannu. A farkon 1975 aka biya ma'aikata ƙarin albashin Udoji tare da bashin watannin baya a dunƙule, mutane da yawa kuwa daga wurin karɓar kuɗin kantin babura suka zarce. A 1976 aka soma shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, aka yi ta gina makarantu a ƙauyuka ana tura malamai, a shekarar kuma aka kafa ƙananan hukumomi. Malamin makaranta, da malamin asibiti, da malamin gona, da duba-gari, kowannensu yana da ƙauyukan da zai kewaya. Sai babur ya zama alamar ɗan albashi, kamar yadda doki yake alamar basarake.

Nan ne ƙasa ta fara yanke hukunci. Attajiran birni da alhazai Vespa suka so, da gaskiyarsu kuwa, gama mai babbar riga yana hawa ya sauka fes, ba mai ba ƙura, ga wurin aje jaka a tsakanin ƙafafu. A kwaltar Kano babu abin da ya fi shi daɗi. Amma da ya bar kwalta sai halinsa ya sake. Ƙaramar ƙafa ba ta tsallake rami, faɗawa take yi ciki, a rairayi kuwa ta yi ta tona wa kanta kabari. Cikinsa kusa yake da ƙasa, kututture kaɗan ya doke shi, nauyin injin kuma a gefe guda yake, in ya fara lilo a yashi da wuya a tsai da shi. Tayar nan ta uku ta yi rana a ƙasar ƙaya, rashin sarƙa ma alheri ne inda yashi yake cin ƙarfe, amma waɗannan ba su isa su biya bashin ƙananan ƙafafu ba. Malamin da aka tura ƙauyen Jahun in ya sayi Vespa don ya yi kama da manya, damina ɗaya ta ishe shi darasi. Ƙaramin Honda da 'yan'uwansa na Yamaha da Suzuki, masu manyan ƙafafu, su ne suka shiga daji.

Ko a cikin masu manyan ƙafafun ma akwai wata gardama, wadda ta fi shekara talatin ana yinta a gindin itatuwan makanikai. Injin babur iri biyu ne. A cikin kowanne akwai fistin mai hawa da sauka a cikin tulu, ana zuƙo fetur da iska, fulogi ya kunna musu wuta, ƙarfin fashewar ya tura fistin. A iri na farko, wanda ake ce wa mai bugu biyu, duk lokacin da fistin ya hau sai wuta ta tashi. A iri na biyu, mai bugu huɗu, sai ya hau sau biyu kana wuta ta tashi sau ɗaya. Mai bugu biyu ba shi da bawul, 'yan kafofi ne kawai a jikin tulun, saboda haka kayan cikinsa kaɗan ne, ba shi da nauyi, yana da zafin tashi, makaniken ƙauye yana iya kwance shi da safe ya ɗaura kafin azahar. Amma baƙin mansa tare da fetur yake ƙonewa, shi ya sa yake hayaƙi, fulogi ya yi ta toshewa, kuma wani kashi na fetur ɗin yana ficewa ta salansa bai ƙone ba. Watau mashayi ne. Mai bugu huɗu kuwa baƙin mansa yana zaune a ƙasan inji kamar na mota, ba ya hayaƙi, fetur kaɗan ya ishe shi. Amma yana da bawul da abin da yake buɗe su, in an bar baƙin man ya tsufa ya cika da ƙura, ranar da zai rama sai an yi kuka. Vespa, da Mobylette, da galibin ƙananan Yamaha da Suzuki na lokacin, masu bugu biyu ne. Honda shi ne ya nace wa mai bugu huɗu. Muddin fetur yana araha, mutane da yawa ba su ga dalilin damuwa da shan mai ba, sauƙin gyara suka duba.

Akwai wani babur wanda ya kamata a tsaya a kansa, don an ƙera shi ne saboda mutane irin na ƙasar nan. A 1974 Honda ya aiki ma'aikatansa su zaga waɗansu ƙasashen Asiya masu tasowa su ga yadda ake yi da baburansa. Suka tarar ana ɗora wa babur ɗaya iyali duka, ba a juye baƙin mai sai ya zama kamar kwalta, ba a kai shi wurin gyara sai ya tsaya cik. Ba su koma suna zagin masu saye ba, sai suka sake ƙira. A injunansu na da, abin da yake buɗe bawul yana can saman inji, wata 'yar sarƙa ce take juya shi, in man ya ƙazanta nan ne wuri na farko da yake lalacewa. A sabon sai suka saukar da shi ƙasa kusa da mai, suka sa waɗansu sanduna biyu suna tura bawul ɗin daga can. Wannan tsohuwar dabara ce, injin ba ya juyawa da sauri kamar na da, ya fi shi ƙara kuma. Sun san haka, suka yarda, don su sami injin da yake jure wulakanci. Matatar iskarsa ma soso suka yi ta da shi, wanda ake wankewa a mayar. Sunansa CG 125, ya fito a 1975. Yau in aka buɗe injin baburan Sin da yawa, ƙirarsa za a tarar a ciki.

A shekarun nan har haɗa babura ake yi a Nijeriya. Kamfanin Boulos yana haɗa Suzuki a Ikko, Yamaco na John Holt yana haɗa Yamaha, Honda kuma ya kafa nasa a 1979, masana'antar tana Ota a Jihar Ogun. Amma daɗin bai daɗe ba. Farashin man fetur ya faɗi a duniya, a 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kawo shirin tsuke bakin aljihu, darajar naira ta zube. Sabon babur ya fi ƙarfin malamin makaranta. Wanda yake da tsoho sai ya yi ta lallaɓa shi, ana gyaran tulu ana sake ringi, mai son saye kuwa sai na hannu ɗan Kwatano. A cikin wannan matsi ne acaɓa ya bunƙasa, gama motocin haya sun yi kaɗan, ma'aikaci kuma in ya tashi aiki sai ya ɗauki fasinja ya sami na cefane. Tun daga ranar da babur ya zama jari sai tambayar masu saye ta sake. Da ana tambaya wanne ya fi kyan gani, yanzu kuwa wanne ya fi ɗaukar kaya, wanne ne kayan gyaransa suke kusa.

Ran 27 ga Agusta, 1991, aka cire Jihar Jigawa daga Jihar Kano, aka mai da Dutse babban birninta. Garin a lokacin ƙarami ne, ba shi da gidajen da za su ɗauki ma'aikatan da aka turo. Ofisoshi suka warwatsu, sababbin unguwanni suka yi ta tsirowa nesa da juna, hanyoyin cikinsu kuwa yashi. Babu abin da ya dace da gari irin wannan kamar babur. Samarin ƙauyukan kewaye, waɗanda da sai su tafi cirani Kano ko kudu in an gama kaka, suka ga ga aiki ya zo ƙofar gida, in dai mutum ya sami abin hawa.

Abin hawan kuwa daga ƙasar Sin ya zo. Wajen shekarar 2000 baburan can suka fara cika kasuwa da araha irin wadda ba a taɓa gani ba. Wanda ya fi suna shi ne Jincheng, na birnin Nanjing, ƙirar wani Suzuki mai bugu biyu da ake kira AX 100. Ba shi da ƙwarin na Japan, ƙarfensa ba ya daɗewa, kusoshinsa kwancewa suke yi, masu tsofaffin Honda suka yi ta yi masa dariya suna cewa araha ba ta ado. Amma manomin da ya sayar da riɗinsa, ko saniya guda, ya iya sayensa, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne. Kayan gyaransa suka cika kowace kasuwa, daga Shuwarin zuwa Sara da Gujungu, yaran makanikai suka haddace cikinsa kamar karatun allo. Babur mai ƙwari wanda sai an je Kano neman fistin ɗinsa kwana uku zai yi a jingine, maras ƙwari wanda kayansa suke bakin kasuwa kuwa da la'asar ya koma hanya. Ɗan acaɓa wanda yake biyan mai babur kuɗi kullum ya san wanda ya fi masa. Tare da Jincheng jikokin Super Cub suka dawo cikin sabuwar riga, su ne ake kira roba-roba, irin su Lifan na birnin Chongqing. Ba su shan mai, ba kulocin hannu, dattijo da ɗalibi duk sa iya da su. Amma gadon bayansu ba na kaya ba ne, tankinsu ƙarami, robar jikinsu kuwa faɗuwa ɗaya ta tsage, shi ya sa galibi a cikin gari suka tsaya.

Mulkin Jincheng bai yi tsawo ba. Wanda ya ture shi Boxer ne na kamfanin Bajaj na Indiya, kamfanin da shi ma da ƙera Vespa bisa izinin Piaggio ya yi suna kafin ya koma ga masu manyan ƙafafu. Boxer ba kyakkyawa ba ne, ba ya gudun a zo a gani. Injinsa si-si 100 ne, mai bugu huɗu, giyarsa huɗu, an tsara su don ja ba don tsere ba. Kujerarsa doguwa ce shimfiɗaɗɗiya, kariyarsa ƙarfe mai kauri, abin da yake tare girgiza a bayansa mai tauri. In mutum shi kaɗai ya hau sai ya ji yana dukansa, gama ba don mutum ɗaya aka yi shi ba, sai an ɗora masa nauyi yake kwantawa. Nauyinsa ya ɗan ɗara buhun gero, amma ranar kasuwa akan ga an ɗaura masa buhu biyu, ko akuya uku, ko mutum huɗu. Abin da ya ba shi nasara shan mai ne. Fetur ya yi ta hawa shekara bayan shekara, ɗan acaɓa ya lissafa ya ga abin da Jincheng yake sha a yini ya kai shi nisa ƙwarai a kan Boxer. Gardamar nan ta mai bugu biyu da mai bugu huɗu farashin lita ne ya kashe ta. Honda ya ga kasuwar da ya fara buɗewa ta kuɓuce masa, a 2011 ya fito da Ace CB 125 daga Ota, an rage masa ado da tsada don ya yi gogayya da na Sin da na Indiya. TVS na Indiya da Haojue na Sin su ma suka shigo da nasu.

Mai karatu in ya tsaya wurin masu sayar da babura zai ji ana ciniki a kan waɗansu ƙananan abubuwa, kowannensu kuwa akwai dalilinsa. Ƙafa mai waya in ta daki rami lanƙwasa take yi, mai gyara ya miƙe ta ya ja wayoyin, amma ƙafar zubi, wadda ta fi ta kyan gani, in ta fashe sai sabuwa. Taya maras tiyub ba ta saurin sacewa in ƙaya ta soke ta, mai tiyub kuwa ko a wane ƙauye akwai mai yi mata faci. Ta da inji da maɓalli daɗi ne har ranar da batir ya mutu, saboda haka mutumin daji ba ya yarda da babur da ba shi da abin bugawa da ƙafa. Sababbin babura na ƙasashen waje sun bar kafireta sun koma wata na'ura mai fesa mai bisa lissafi, ta fi tsimin fetur, amma ba ta jure man kwalba na 'yan bumburutu, ba a kuma gyara ta da sukundireba da hurawa da baki. Kwanson sarƙa kuwa, wanda samari suke cirewa don wai babur ya yi kyau, shi ne yake hana yashi da mai su haɗu su zama wasa mai cinye haƙoran ƙarfe. Haka matatar iska da hunturu, wanda ya bar ta ta yage, ƙura ce zai yi ta ɗura wa injinsa har ringi ya cinye.

Akwai wurin da masu ƙira da masu hawa duk suka yi rowa, shi ne birki. Birkin ƙananan baburan nan irin na cikin ganga ne, mai arha, wanda yashi ba ya saurin shiga, amma an auna shi ne da nauyin mutum biyu. In aka ɗora huɗu da buhu, injin zai ja, birki kuwa ba zai tsai da su inda ya kamata ba, in ya jiƙe a mashigin ruwa ma sai ya ɗan bushe kana ya kama. Ɗakunan masu karaya a asibitoci da gidajen masu ɗori su ne suke karɓar sakamakon. Ran 1 ga Janairu, 2009, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta soma tilasta sa hular kwano, har a Kano aka ga waɗansu sun kifa ƙwarya a ka don su ruɗi ma'aikata. An yi dariya, amma dokar ba ta kama ba a ƙauyuka. A watan Janairun 2013 kuma, bayan harin da aka kai wa Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, gwamnatin Kano ta hana ɗaukar fasinja a babur cikin birni da kewaye. 'Yan acaɓar birni da yawa dama 'yan cirani ne, waɗansu suka koma tuƙa mai ƙafa uku, A Daidaita Sahu, waɗansu suka juya gida da baburansu. Mai ƙafa uku ya fi ɗaukar mutane, yana da inuwa, mata sun fi sonsa, ya kuwa yawaita a cikin Dutse. Sai dai ƙafafunsa ƙanana ne, kuma hanya uku yake nema a inda babur yake neman ɗaya, saboda haka turbar ƙauye ta zauna a hannun mai ƙafa biyu.

Ran 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya ce an janye tallafin man fetur. Cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500, kafin ƙarshen 2024 ta haye naira 1,000. Darajar naira ta sake faɗuwa, kuɗin sabon babur ya ninka. Ma'aikata masu mota da yawa suka jingine ta suka nemi roba-roba, masu babur waɗansu suka kakkaɓe tsohon keke, ragowar masu bugu biyu kuwa hawansu ya zama sai dole. A wajen lokacin nan ne aka fara ganin babura masu aiki da batir a manyan biranen Nijeriya. Ba su da fulogi, ba baƙin mai, ba matatar iska da ƙura za ta toshe, ba su ƙara. Amma batirin yana da nauyi da tsada, ba ya son zafin bazara, in ya ƙare a tsakanin Kiyawa da Jahun ba a sayen cikonsa a kwalba. Manomin da aka nuna wa shi, kafin ya tambayi kuɗinsa, yakan fara tambaya a ina za a sa masa wuta, kuma wane ne a Shuwarin ya iya buɗe cikinsa.